Babbar AC a falo, ko ƙarama a ɗakin da ke zafi?

Ɗan'uwa, ka ce AC ɗin falonka na sanyaya falo amma ɗakin baya na zafi, kana tambaya ko ka sauya ta da babba ko ka saka wa ɗakin tasa. Kada ka sauya ta falon da babba. Bar ta inda take, ka saka wa ɗakin bayan nan tasa ƙarama, irin mai kai a ciki inji a waje, kuma ka nemi mai inbata, wato wadda injinta ke rage gudu ko ƙarawa gwargwadon buƙata.

Abin da ya sa falonka ke sanyi ɗakin kuma yana dafa mutum ba ƙarancin ƙarfin na'urar ba ne. Ma'aunin zafinta yana cikin kan da ke jikin bango, daidai inda take shaƙar iska, don haka zafin falo kaɗai take ji. Da zarar falo ya sauka digiri 24 da ka saita, sai kwampiresa, wato abin da ke matsa gas a injin waje, ta tsaya, ko da ɗakin baya yana kan 32. In ka sa babba, falon zai yi sanyi cikin 'yan mintoci, ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa. Yawan tashin nan yana cin wuta, yana gajiyar da kwampiresa, kuma ba ta daɗewa tana aiki balle ta tsotse laimar da ke cikin iska. Ga shi iska mai sanyi nauyi gare ta, ƙasa take bi, ba ta shan kwana ta shiga ɗakin da ƙofarsa ke rufe. Babbar tana da ranarta kawai in wurin buɗaɗɗe ne, babu bango a tsakani.

Ita kuwa ƙaramar, ɗakin take aunawa da kanta. Mai inbata ba ta yawan mutuwa gaba ɗaya. In sanyi ya kai sai ta rage gudu ta riƙe shi a nan, shi ya sa ake barci a ɗakinta babu farkawa cikin zufa, ƙararta ma da kyar ake ji. Ranar da babu kowa a ɗakin, a kashe ta. Ɗaki mai mita 3 da mita 4, mai BTU 9,000 (BTU ma'aunin ƙarfin sanyaya ne) ta ishe shi, wadda ake kira doki ɗaya. In bangonsa yana kallon yamma, ko shi ne ƙarƙashin rufi kai tsaye, ɗauki 12,000, wato doki ɗaya da rabi.

Amma kafin ka fitar da kuɗi, dafa silin ɗakin da tafin hannu wajen ƙarfe 3 na rana. In da ɗumi, daga sama zafin ke sauka, kuma kowace na'ura ka saka wahala za ta sha. A shimfiɗa audugar gilashi, wato shimfiɗar da ke tare zafi, mai kaurin santimita 5 zuwa 10 a bayan silin, kada a bar giɓi. Tagar yamma kuma a yi mata rumfa ta waje, ta fi labule aiki, domin labule sai zafi ya riga ya ratsa gilashi yake tare shi. Wannan shimfiɗar ce za ta riƙe wa ɗakin ɗumi lokacin sanyi ma.

Wajen haɗawa ka tsaya a kai. Lallai a zuƙe iskar bututun da famfon zuƙa na aƙalla minti 15 kafin a saki gas. In an bar laima a ciki, ita ke kashe kwampiresa a hankali. A naɗe bututun biyu kowanne da sosonsa, bututun ruwa ya gangara ƙasa, injin waje ya sami tazarar kamar santimita 30 daga bango. In tsawon bututu ya wuce mita 5, yawanci sai an ƙara gas gwargwadon abin da takardar kamfani ta ce.

Sai ka kula da masu sayarwa, don ha'inci ya yi yawa a harkar nan. Kada ka yarda da lambar da aka manna a gaba ko a kwali. Karanta farantin bayanai da ke gefen injin waje, ka ga BTU da irin gas ɗin, R32 ko R410A, ka tabbatar lambar samfurin kai da ta injin sun dace. Wasu na manna tambarin inbata a kan wadda ba ita ba, wasu na ba da bututun alminiyum da aka shafa wa launin tagulla. Kankare bakin bututun kaɗan, in fari ya fito, mayar musu. Kuma kada ka biya sai an rubuta lambar injin a takardar garanti.