SSD ko manhajar "wanke kwamfuta"? Ki sa SSD kawai

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin tambaya yadda za ki magance nawar laftof ɗinki da baƙin abubuwan da suka maƙale a burauzarki. Tsakanin manhajar wankin da mai shago ya ce ki saya da kuma sa SSD, wato faifan ajiya na zamani mai sauri, ki sa SSD. Shi kuwa baƙon tambarin da ya maƙale a burauzarki, da shafin binciken da ba ke kika sa ba, cire su ba ya cin ko kwabo. Cuta biyu ce daban-daban, shi ya haɗe miki su don ya sayar miki da magani ɗaya.

Akwai tsohuwar laftof a gidana da yara ke atisayen JAMB da ita. Saboda nawarta har suna suka raɗa mata, Kaka. Sai ka kunna ta, ka je ka yi alwala, ka dawo ka tarar ba ta gama farkawa ba. Ranar da aka cire tsohon faifanta aka sa SSD mai 256GB, kafin in gyara zama ta buɗe. Autana ya rantse sabuwa na sayo na ɓoye musu. Har yau ita suke rububi, sunan dai ya ƙi sakinta.

Dalilin a fili yake. Tsohon HDD faifai ne mai juyawa, na laftof yawanci sau 5400 a minti, da ɗan hannu da ke kai-komo yana laluben fayil. Da ƙyar yake karanta abin da ya wuce 100MB a daƙiƙa. SSD mai SATA (wato mai irin mahaɗin tsohon faifan) ba abin da ke motsi a cikinsa, yana kai wajen 500MB, kuma a ƙananan fayilolin da Windows ke nema lokacin tashi tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Amma ki tabbatar kafin ki fitar da kuɗi: danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ki shiga Performance. In Disk ya nuna HDD kuma yana zaune a 100%, kin kama ɓarawon. In Memory ne ke cike kuma RAM ɗinki, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, 4GB ne, ki ƙara shi zuwa 8GB daga baya. In kuma dama SSD ne a ciki, ki dakata, ki sa a buɗe a kaɗe ƙurar fanka tukuna, musamman in a kan katifa ake ɗora ta.

Manhajar wankin kuwa, na taɓa biyan irinta. Kullum ta jero "matsaloli" da jan rubutu, ta ce ta gyara, kwamfuta na nan jiya i yau. Tana share tarkace, ban hana ta wannan ba, amma Disk Cleanup na Windows ma yana yi kyauta.

Batun burauza, yawanci abin kan biyo wata manhajar kyauta ce da aka sauke ana ta danna Next ba a karantawa. Ki shiga Settings, Apps, ki jera su bisa ranar da aka sa, ki cire duk wadda ba ki sani ba da ta shigo daidai lokacin da abin ya fara. Sannan a Chrome ki buɗe Extensions, wato ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza, ki cire baƙi, ki je Reset settings ki mayar da komai asalinsa. Wannan ba ya goge kalmomin sirrinki ko shafukan da kika adana. In ya dawo, ki danna dama a kan alamar Chrome ta fuskar kwamfuta, ki duba Properties: a layin Target bai kamata a ga wani adireshin intanet bayan chrome.exe ba. In kin ga an rubuta "Managed by your organization" alhali kwamfutar gida ce, ki sauke AdwCleaner, manhajar cire irin waɗannan baƙin, daga shafin Malwarebytes, kyauta ne. Ki yi duk wannan kafin a sa SSD, don in kin shiga asusunki na Google a sabon Windows, Chrome zai dawo miki da duk abin da kika bari a Extensions, har da mugun. Ki kuma ce wa mai gyara sabon Windows kike so, kar ya kwafo tsohon da dattinsa.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sa tsohon SSD a sabon kwali. A buɗe kwalin a gabanki, bayan an sa a kunna manhajar duba faifai ta CrystalDiskInfo ki ga awannin da ya yi aiki da lafiyarsa. Sabo ba zai nuna dubban awanni ba. Mai 1TB a farashin mai 256GB, ki bar musu kayansu. Ki karɓi rasit, ki kuma karɓi tsohon faifanki a hannu, kar ki yarda da "ai ya mutu, bar shi nan", hotunanki da takardunki na ciki. Ki saya masa ɗan gidan USB ya zama ma'ajiyarki.

Ki turo mana lambar samfurin da ke ƙasan laftof ɗin, in gaya miki ko SATA mai inci 2.5 take ɗauka ko ɗan siririn nan da ake kira M.2, in kuma duba ko za ta karɓi Windows 11, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.