Matse bidiyo a burauza kafin a tura: yana aiki, amma da sharaɗi

Waya da ke ɗaukar bidiyo a 1080p, wato hoto mai layuka 1080 daga sama zuwa ƙasa, tana rubuta wajen megabit 17 a kowane sakan. A ninka da 60, a raba takwas (megabit takwas ne mega ɗaya), minti guda ya kai mega 127. Bidiyon ɗaurin aure na minti goma ya haura jiga ɗaya ke nan. Idan rezo yana tura megabit ɗaya a sakan, sai an yi kusan awa uku ana jira, forfe kuma ya tafi. Wannan lissafin ya sa na koma ga shafukan da ke rage nauyin bidiyo a cikin burauza, ba tare da an saka wata manhaja ba, kuma na gamsu da su sosai idan an san yadda ake bi da su.

Shafukan iri biyu ne, kuma a nan Damagaram bambancin kuɗi ne. Wasu suna kwashe bidiyonka gaba ɗaya zuwa kwamfutocinsu a waje, su matse, su dawo maka da ƙarami. Waɗannan ba su tsare maka ko mega ɗaya ba: ka tura babban, ka sauke ƙaramin, ka sake tura shi. Wanda nake yabo shi ne mai yin aikin a cikin na'urarka. Gane shi ba wuya. Ka buɗe shafin, ka matse wani gajeren bidiyo don injinsa ya sauka, ka kashe data da wifi, ka ba shi na biyu. In ya ci gaba da aiki, na gaske ne. Wannan kuma yana nufin bidiyon iyali, musamman na mata a wurin biki, bai shiga hannun kowa ba, abin da nake ɗauka da muhimmanci ƙwarai.

Ko a cikin na gaskiyar akwai inji biyu. Wasu an gina su a kan ffmpeg.wasm, wanda ke sauke kimanin mega 30 a karon farko. Yana karɓar kusan kowane irin bidiyo, amma yana da nawa, domin ƙwaƙwalwar na'urar ce kaɗai ke ɗaukar nauyin, kuma ba ya karɓar abin da ya wuce jiga 2. Wasu suna amfani da WebCodecs, wanda ya shigo Chrome a 2021, mai iya kiran sashen sarrafa bidiyo da ke cikin wayar kanta. Wannan ya fi sauri nesa ba kusa ba, batir kuma ba ya shan wahala kamar na farkon.

Saitin da na fi samun daɗinsa: fayil ɗin MP4 da tsarin matsi na H.264, domin kusan kowace waya tana buɗe shi, a 720p, megabit 2 a sakan. Minti guda yana komawa wajen mega 16, wato bidiyon nan na minti goma ya zama mega 160, ya tafi cikin minti ashirin da ɗoriya. A fuskar waya da ƙyar ido ke ganin bambanci. Wa'azi, lacca ko darasi, inda mutum ke zaune wuri guda, 480p da megabit ɗaya sun isa, mega 8 a minti. Sai dai kada a rage sauti ƙasa da kilobit 64, don maganar ce ake nema. Inda shafin ya ba da lambar CRF, ma'aunin ƙarfin matsi, maimakon megabit, 23 ce ta asali, ƙarin 6 kuma yana raba nauyin kusan biyu. Ni ina tsayawa tsakanin 26 da 28. Daga 32 fuskoki suna fara narkewa.

Ba kowane bidiyo ke yarda da matsi ba. Injin yana samun rangwame ne ta hanyar adana abin da ya canza kaɗai tsakanin hoto da hoto. Hawan salla a ƙofar fadar Sarki a Birni, dawaki na sukuwa, ƙura ta tashi, rawuna da kayan doki masu ƙyalli, mai ɗauka yana juya waya: komai yana canzawa a lokaci guda. A megabit 2 ƙurar takan koma murabba'i-murabba'i. Irin wannan a ba shi 4, ko a datse shi ya zama gajere. Haka bidiyon dare da ba haske, domin dishi-dishin da kamara ke yi injin yana ɗaukarsa motsi ne. Datsewa ma ita ce matsin da bai ɓata komai, kuma yawancin shafukan suna da ita.

Inda abin ke ba da matsala shi ne waya mai RAM (ma'adanar da take riƙe aikin da take yi) jiga 2 ko 3. Babban bidiyo yana cika ta, shafin ya rufe kansa a tsakiyar aiki, a koma farko. Idan fuskar wayar ta mutu, ko aka leƙa WhatsApp, burauzar tana iya dakatar da aikin, don haka a tsawaita lokacin kashe fuska tun kafin a fara. Ga zafi: a watan Afrilu da Mayu, da rana ta wuce digiri 40, wayar tana rage gudunta don kare kanta. A cire mata riga, a ajiye ta a inuwa, kada a haɗa matsi da caji. Bidiyon iPhone da aka ɗauka da HDR, saitin da ke faɗaɗa haske da launi, kan fito da launi a koɗe bayan matsi, sai a kashe HDR kafin ɗauka. A kuma saurari ƙarshen bidiyon kafin a tura, domin wayoyi ba sa riƙe adadin hoto iri ɗaya a sakan, wani lokaci baki da murya sukan rabu.

Facebook da YouTube suna sake matse duk abin da aka ɗora, saboda haka wanda za shi can kada ya sauka ƙasa da 720p. A WhatsApp a tura shi a matsayin takarda, ya isa yadda aka matse shi. Gmail kuwa mega 25 yake karɓa, minti ɗaya da rabi ke nan a saitin da na faɗa. Na asalin a ajiye shi a katin waya ko kwamfuta, domin abin da matsi ya zubar ba ya dawowa. Bidiyon da ya wuce minti goma sha biyar kuma, a kwamfuta nake ba da shawarar a yi shi.