Warfarin ko sabbin magungunan hana daskarewar jini?

Masu gadon matsalar daskarewar jini, irin su Factor V Leiden, suna yawan tambaya: warfarin za su sha ko sabbin ƙwayoyi kamar apixaban da rivaroxaban?

Warfarin tsohon hannu ne, tun 1954 ake ba mutane shi, kuma yana da araha. Wahalarsa gwajin INR ne a kai a kai, wato gwajin da ke auna saurin daskarewar jini, don a riƙe ma'aunin tsakanin 2 da 3. Ganye mai yawan bitamin K da wasu magunguna suna dagula aikinsa. Wanda ya gaji ƙarancin furotin C (wani sinadari a jini da ke hana shi daskarewa) kuwa, idan aka fara masa warfarin ba tare da allurar heparin mai hana daskarewar jini ba, fatarsa na iya ruɓewa.

Sabbin ba sa buƙatar wannan gwajin, zubar jini a ƙwaƙwalwa ma ya fi ƙaranci da su. Amma suna da tsada, kuma idan ka tsallake shan rana guda, kariyar ta tafi.

Mai bawul ɗin ƙarfe a zuciya, warfarin ne nasa. Mai lafiyayyar ƙoda da zirga-zirgar gwaji ke yi wa nauyi, sabbin sun fi masa. Mai juna biyu kuwa, likita zai koma da ita kan heparin.