Ajin tsayuwar doki: kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma da sauran magana

Masu yawan tambayata a kan ajin karate na manya da nake zuwa da safe a nan Kano, ga amsarku gaba ɗaya. Ni tela ne, wuni nake a kan keke, kuma abin da ya kai ni can shi ne ƙugu da ya sandare da gwiwa mai ƙara idan zan tashi daga sujada. Takardar tallarsu ta yi alkawarin abu biyu, ƙarfin ƙafa da laushin jiki. Na farkon sun cika shi har da gyara.

Shotokan ake koyarwa, wato karaten da ya samo asali daga Gichin Funakoshi, wanda ya kai wasan Tokyo daga Okinawa a 1922. Sai dai mu sabbin shiga kusan rabin lokacinmu a tsayuwa guda yake ƙarewa, kiba-dachi, wadda muke kira tsayuwar doki. Ka ware ƙafafu kamar faɗin kafaɗarka sau biyu, yatsu na kallon gaba, ka sauke ƙugu, baya a miƙe, nauyi ya rabu daidai a ƙafa biyu. Duk wanda ya taso da kallon finafinan Chanis ya san ta. 'Yan kung fu na ƙasar Sin “mabu” suke ce mata, kuma tasu ta fi sauka, har cinya ta kwanta daidai da ƙasa.

Yawancinmu da raini muke shiga, tunda Bahaushe da tsuguno ya girma, ko alwala ko wanki ko hira a ƙofar gida. To amma tsuguno hutu ne, ka sauka har ƙasa, cinya ta jingina da sha-raɓa, tsoka ta saki. A nan rabin hanya ake tsayawa, tsokar gaban cinya da ta ɗuwawu su ɗauki kayan duka ba tare da motsi ba. Kafin minti ɗaya ya cika ƙafa ta fara kaɗawa. Makon farko, taka keken ɗinki ma sai da dabara.

Abin da na ga ya ci kuɗina shi ne idon babban malamin. Yana zagayawa da 'yar siririyar sanda, ba ya dukan kowa, taɓa gwiwa kawai yake yi. Da zarar gajiya ta zo, gwiwoyi sai su fara karkatowa ciki, kuma kai mai tsayuwar ba za ka ji ba, a ranka daidai kake. Shi zai tura maka su waje har su bi layin tafin ƙafa, ya duba diddige bai ɗaga ba, ya hana ka turo ɗuwawu baya don samun sauƙi. Mu masu taurin ƙugu ya bar mu mu ɗan buɗe yatsu waje, kusa da tsayuwar shiko-dachi ta 'yan Goju-ryu, wani salon karate, ya ce gara haka da a murɗa gwiwa. Ya kuma matsa a kan numfashi, ba ya yarda a riƙe shi ko kaɗan. Bidiyon YouTube zai nuna maka siffar, amma ba zai ga gwiwarka ba, kuma ita ce ke lalacewa.

Bayan 'yan watanni na ga canji a inda nake buƙata. Ina hawa benen Kantin Kwari da dilar yadi ba tare da tsayawa a tsakiya ba, kuma ina miƙewa daga sujada ban dafa ƙasa ba. Wani abokin ajinmu ma'aikacin jinya ya nuna mana nazarin da mujallar British Journal of Sports Medicine ta buga a 2023, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 270 ya gano cewa motsa jiki irin na tsayawa cak, musamman rabin tsuguno a jingine da bango, ya fi sauran rage hawan jini. Ba a kan tsayuwar doki aka yi shi ba, amma dangin juna ne.

Laushin jiki kuwa, an yi ƙari a tallar. Matsematsina sun ɗan buɗe, ina iya harɗe ƙafa a tabarma na daɗe. Iyakarta ke nan. Ƙarfin da tsayuwar ke ginawa ya fi taruwa a daidai lanƙwasar da kake riƙewa, kuma ba ta jan tsokar bayan cinya. Mai mafarkin ware ƙafa har ƙasa ko kai shuri saitin kai, sai ya ware wa miƙa jiki lokacinsa daban, alhali ajin minti biyar kacal yake ba shi a ƙarshe, kowa na sauri ya tafi aiki. Sau ɗaya malam ya ɗanɗana mana Tekki Shodan, wani jerin motsi na karate (kata) da ake yin sa kusan gaba ɗaya a cikin wannan tsayuwa ana tafiya gefe da gefe, ranar na ji ƙugu ya yi aikin gaske. Da za su riƙa sa irin wannan motsi tun da wuri, da alkawarin ya fi kusa da cika.

Abin da ban so ba ranar Asabar ne, idan mataimaki ya karɓi aji. Sai ya mayar da abin gasa, wa zai fi daɗewa. Samari su cije, su riƙe numfashi, gwiwa ta karkace, baya ya gantsare, shi kuma agogo kawai yake kallo. Akwai dattijo a cikinmu da ya haura hamsin, bai kamata a jera shi da ɗan shekara ashirin ba. Ga daɓen siminti babu shimfiɗa, a lokacin hunturu ƙafa ba takalmi.

Naira 5,000 nake biya a wata, kuma ba su tilasta sayen farar rigar a watan farko. Na sabunta rajista, na dai daina zuwa Asabar. Mai tsohon ciwon gwiwa ko hawan jini ya fara ganin likita, sannan kafin ya biya ya tambayi ranakun da babban malamin da kansa yake tsayawa a aji.