Tik ko malaina? Amsa ga mai hekta 4 a wajen Kafanchan

Salam jama'a. Wani ɗan uwa ya yi tambaya a nan cewa ya gaji fili hekta 4 a wajen Kafanchan, an sare dajin tuntuni ƙasar ta fara gajiya, yana so ya dasa itatuwan katako kuma yana so dajin ya dawo, to tik zai sa ko malaina. Malam, buri biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, bari in fara da na kuɗin.

Dukkansu baƙi ne, daga Indiya da Bama (Myanmar ta yau) da ƙasashen wancan yankin aka kawo su zamanin Turawa. Malaina saurin girma gare ta, in ƙasa ta karɓe ta shekara 7 ko 8 ta isa abin da kamfanin takarda ke so, katako kuma ka ba ta 12 zuwa 15. Tik kam sai haƙuri, shekara 20 zuwa 25 shi ne gaggawa, a Indiya akan bar shi ya haura 50. Amma katakon ba ɗaya ba ne. Na malaina fari ne mara nauyi, kafinta na son sa don bai ba zarto wahala, ana yin ƙofa, benci, teburan makaranta, akwati, sai dai in ya taɓa ƙasa ko ruwa na dukan sa bai daɗewa. Tik yana da nauyi da wani maiƙo a jikinsa wanda ke korar gara, shi ya sa ake yin falwayar lantarki da jiragen ruwa da shi, kuma 'yan kasuwar Indiya na bin sa har Gana da Benin da Togo. To amma a lura, wannan ƙarkon a tsakiyar itacen yake, mai launin ƙasa-ƙasa, farin gefen nan gara na cin sa lafiya lau, kuma tik ɗan shekara 10 farin gefen ya yi masa yawa, don haka wanda ya sare da wuri ya sayar da suna ne kawai, ba za a ba shi kuɗin tik ba.

Maganar ƙasa ita ce inda mutane ke faɗuwa. Tik na son ƙasa mai zurfi wadda ruwa bai kwanciya, da ruwan sama kamar milimita 1,200 zuwa sama, da rani na 'yan watanni. Wajenku ya dace, ga gandun Nimbia nan kusa da ku an daɗe ana tik a ciki, ka je ka gani da idonka ka tambayi malaman daji. Mutanen Kano da Katsina kuwa kar su kwaikwaya, ruwan bai kai ba. Ita malaina ana mata kallon mai ci ko'ina, kuma gaskiya za ta rayu, amma a ƙasa mai yashi ko tsakuwa sai ta tsugune ta yi rassa ta karkace ba gungumen kirki. Wani attajirin Amurka mai jiragen ruwa, Daniel Ludwig, ya sayi makeken fili a bakin kogin Jari a Brazil a 1967, ya share daji ya zuba malaina don takarda, a wuraren yashi ta ƙi, dole aka koma wasu itatuwan, a 1982 ya sayar ya fita da asara. In mai jiragen ruwa bai tsira ba, kai ka haƙa rami ka duba ƙasarka kafin ka sayi dashe.

Mu ma nan muna da namu, an cika gandun Omo a Ogun da Oluwa a Ondo da malaina don kamfanin takarda na Iwopin, kamfanin bai yi aikin da aka sa rai ba, itatuwan suka koma hannun masu katako. Don haka ka san mai saye tun yanzu.

Aikin gona kusan ɗaya ne. Tazarar mita 3 da 3 za ta ba ka kusan 1,100 a hekta, shekaru biyun farko ka sa masara ko wake a tsakani noman ya zama na biyu. Irin malaina na tsira da sauri amma bai ajiyuwa, na tik taurin kai gare shi, sai an yi ta jiƙawa ana shanyawa, yawanci ma guntun saiwa ake dasawa daga gadon reno. Awaki da shanu na cin ganyen malaina, to shinge dole. Wuta kuma, babban tik na jurewa, ƙanana kam duka biyun sai ka share musu hanyar wuta kafin hunturu. Sai ragi, wanda kowa ke jin ciwon sa: 1,100 ɗin nan ba duka za su kai ƙarshe ba, ana rage su hawa-hawa har a bar 'yan ɗaruruwa, in ka ji tausayi ka bar su duka sanduna za ka girba. Duka biyun suna sake toho daga kututture.

Yanzu batun dawo da daji. Ba ɗayansu da zai yi maka wannan, gonar itace ce kamar gonar masara. Tik ma ya fi laifi, manyan ganyen nan sun hana rana sauka, ƙarƙashinsa fayau ba ciyawa, in filin gangare ne ruwa ya dinga wanke ƙasa ke nan. In daji kake so, ka ware wani sashe, musamman bakin rafi, ka hana wuta da kiwo, ka bar kututturan maɗaci, kawo, ɗorawa, kaɗanya da madobiya su yi toho kana musu sassabe, irin yadda manoman Maraɗi suka dawo da itatuwan gonakinsu tun wajen shekarun 1980.

Da ni ne da filin nan, hekta 2 tik a inda ƙasa ta fi zurfi, 1 malaina don ta riƙe ni kafin tik ya nuna, ɗayar kuma ta bakin ruwa in bar wa na gida. In kuwa ka san nan da shekara 12 za ka buƙaci kuɗin gaba ɗaya, to juya lissafin, malaina ta ɗauki biyun.