Ƙarin diski a Proxmox da Ceph: abin da na gani a Bauchi

Jama'a masu kula da saba, ga sharhina kan ƙara wurin ajiya a Proxmox (manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa a cikin saba) da Ceph (tsarin da ke haɗa diskin sabobi su zama ma'ajiya ɗaya), tunda kwanan nan muka yi aikin a wata makaranta mai zaman kanta da nake kula wa da kwamfutoci nan Bauchi. Sabobi uku ne tsofaffin Dell R730 da aka haɗa su wuri ɗaya, a kansu VM (kwamfutar manhaja da ke gudana a cikin saba) ɗin fotal na ɗalibai yake, da na jarabawar CBT, da na ofishin kuɗi. Wuri ya cika mana har Ceph ya fara nuna HEALTH_WARN, don shi da diski ya kai kashi 85 cikin ɗari yake fara gargaɗi, in ya kai 95 kuwa ya daina karɓar rubutu kenan, komai ya tsaya cak.

Gaskiya aikin kansa ya burge ni wallahi. Ban kashe saba ko ɗaya ba. Na zura SSD mai 1.92TB a kowace saba, na shiga shafin Proxmox na danna ƙirƙirar OSD a kan kowanne, wato na miƙa wa Ceph diskin ya zama ɗaya daga cikin ma'ajiyarsa, shi kenan Ceph ya kama kwashe data da kansa yana rarrabawa kan sababbin, ina zaune ina kallon lambobin tsofaffin diskin suna sauka a hankali alhali ƴan ofishin kuɗi suna can suna buga rasit ba su ma san ana wani abu ba. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin saba yana kwafe kaya daga RAID (diski da yawa da aka haɗa a saba ɗaya su yi aiki kamar guda) zuwa wani RAID yana addu'ar kar janareto ya mutu ya san darajar wannan.

Amma fa ga inda nake so a tsaya a ji da kyau, lissafin. Ceph kwafi uku yake ajiye kowane abu, ɗaya a kowace saba. Mun sayi diski uku, 5.76TB kenan a takarda, ka raba uku ya dawo 1.92TB, sannan ba ka so ka haura kashi 85 ɗin nan, to abin da za ka mora bai fi 1.6TB ba. Da na kai wa mai makaranta bayani sai da ya cire tabarau ya ce, "Injiniya, to ina sauran suka tafi?" Na ce ranka ya daɗe suna nan, su ne za su riƙe mu ranar da saba ɗaya ta ƙone. Ni kam na yarda da wannan tsadar ɗari bisa ɗari, sakamakon yara ba abin wasa ba ne, sai dai ka faɗa wa mai biyan kuɗi tun kafin ya sa hannu a aljihu.

Sai irin diskin. Wani ɗan kasuwa ya so ya tura mana SSD na laftof wai ai duk ɗaya ne kuma ya fi araha, na ƙi. Ceph na son SSD na saba masu kariyar ɗaukewar wuta, waɗancan na laftof ɗin rarrafe suke yi wajen rubutu, ga mu kuma a garin da wuta ke tafiya ba sallama. Katin RAID ma sai ka mayar da shi HBA, wato ya daina haɗa diskin ya miƙa kowanne kai tsaye, don Ceph ya ga diskin tsirara, kuma kowane OSD na cin RAM wajen 4GB, a duba kafin a ƙara.

Abin da ya ɗan ba mu wahala netwok ɗinmu ne, 1Gb muke kai ana kuma ba da shawarar 10Gb, lokacin rarraba datan, fotal ɗin ya yi nauyi sosai. Shi ya sa na fara ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma ɗaya bayan ɗaya nake sa sababbin diskin, sai na farko ya gama na sa na biyu.

Bayan an gama kar a manta VM ba ya ganin ƙarin da kansa, sai ka faɗaɗa diskinsa a Proxmox sannan ka shiga cikin VM ɗin ka faɗaɗa da umarnin growpart da resize2fs in Linux ne mai ext4. Kuma kwafi ukun nan ba bakof ba ne, in wani ya goge fayil to ya gogu a duka ukun, namu bakof ɗin yana kan wata kwamfuta dabam a wani ginin. Mai sabobi uku zuwa sama ina ba shi shawara ya yi, mai saba ɗaya kuma ya tsaya kan ZFS, tsarin ajiya na cikin saba ɗaya, ya fi masa sauƙi.