Mac ko EliteBook? Ƙanena ɗauki M1, amma ka kifa ta ka karanta lamba tukuna

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya da dare, MacBook Air okaziyon ko HP EliteBook 840, na kuma ga yadda ƴan grup suka yi maka caa kowa HP, HP, kamar an haɗa baki. To bari ka ji daga bakin wanda take hannunsa yanzu haka, da ita ma nake maka wannan rubutun.

Tun farko in faɗa maka, ni ɗan gida ne a wannan magana, kada ka ɗauke ni alƙali. A fadarmu ta Sabon Gari mu biyu ne kawai masu Mac, har sun laƙaba mana suna wai ƴan ɗariƙar tuffa, saboda tambarin tuffa da ke jikinta, da zarar na buɗe jaka na fito da ita sai mai zuba shayi ya ce to ga shehu ya fito da wuridi. Ba na jin haushi don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Masu wannan na'ura haka suke tun asali, ƴan kaɗan ne amma da kishi kamar na kishiya. A 1997 Apple, kamfanin da ke ƙera ta, ya kusa durƙushewa, Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya dawo, Microsoft ta zuba dala miliyan 150 a ciki, ranar da aka sanar a taron Boston aka nuno fuskar Bill Gates, shugaban Microsoft na lokacin, a babban allo sai masoyan Mac suka dinga yi masa ihu. Ka ji fa, mutum ya kawo muku kuɗin magani kuna yi masa ihu. To jikokin waɗannan ne mu, duk abin da na faɗa ka rage kashi ɗaya cikin goma na son rai, sauran ka riƙe.

Tawa Air ce mai M1, wato ƙwaƙwalwar da Apple suka tsara da kansu, wadda ta fito ƙarshen 2020, RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, giga 8, wurin ajiya giga 256. Ban san darajarta ba sai lokacin takunkumin CEDEAO na 2023 da aka yanke kuran ɗin da ke zuwa mana daga Najeriya, kai ma ka san yadda garin nan ya kasance, a kawo wuta ka tashi da gudu kana neman sharja kafin ka jona an ɗauke. A lokacin ina da aikin wani ango, bidiyon ɗaurin aure da na kamu, an ba ni kwana biyu don amarya za ta tare Magariya ana so a tafi da shi. Na yi mata caji da asuba, na shimfiɗa tabarma a zaure na fara yanka ina jerawa, aka kira azahar, aka kira la'asar, maƙwabcina mai irin aikin nan ya leƙo sau biyu yana tambaya ko ina da injin wuta ne a ɓoye, ordinatarsa ta mutu tun hantsi. Sai dab da magariba ta nuna min ja. Apple sun ce tana kai awa 18 in kallo kawai kake yi, ni ban taɓa zama na ƙirga ba, kuma aikin bidiyo ya fi kallo cin batiri nesa ba kusa ba, abin da na sani shi ne na miƙa aikin ango a kan lokaci, na karɓi cikon kuɗina, maƙwabcin nan kuwa sai da ya kwashi tasa ya tafi wajen mai pano na hasken rana. Tun ranar na daina jin kunyar sunan ɗan ɗariƙa.

Kuma ba ta da fanka sam, ko ɗaya. Wannan a Turai ƙila abin ado ne, wai ba ta ƙara, amma a Damagaram magana ce babba, don fankar ordinata ita ce ke zuƙar ƙurar hunturu tana tarawa a ciki har ta zama kamar audugar katifa. Wadda na riƙe kafin wannan, wata ta Windows ce da ba zan kama sunan kamfaninta ba, wallahi har yau in na tuna kuɗin da na zuba mata sai raina ya sosu. Kowane wata uku sai an kwance ta an hure, in ta ɗau zafi sai ta fara kuka kamar injin markaɗe, batirinta bai kai tsawon zaman shayi ɗaya ba. Ƙarshe ƙyaure ɗaya na ekran ya karye na ɗaure da salatif na bai wa yaron gidanmu.

Sai maganar kile, ƴar ma'ajiyar nan ta USB. Duk wanda ya taɓa kai memuwar wajen masu fotokopi na bakin jami'a ya san ciwon nan, ka soka kile a na'urarsu ka dawo gida ka tarar duk fayilolinka sun koma rakursi, wato alama kawai, ainihin fayil ya ɓuya, gabanka ya faɗi. Wannan ƙwayar ta Windows ce, ba ta iya tashi a kan Mac. Ni har asibitin kile na zama a unguwa, a kawo min in soka, in kwashe takardun mutum in goge dattin in mayar masa. Ba ina cewa Mac ba ta kamuwa da komai ba ne, tana kamuwa in ka je kana sauke lojisiyel na sata daga ko'ina, amma wannan annobar ta masu fotokopi dai ba ruwanta da ita.

Ita EliteBook ɗin, to, ba laifi. Jaki ce, tana ɗaukar kaya, ana ƙara mata RAM ana canza mata diski, kuma duk mai gyaran da ke Kasuwar Dole ya san cikinta. In ita ka nace ka tabbata samfurin G5 ce mai ƙwaƙwalwar Intel ƙarni na 8, ko sama, don G3 da G4 Windows 11 ba ta karɓe su a hukumance ba, Windows 10 kuma Microsoft ta janye mata hannu tun Oktoban 2025. Iyakar abin da zan ce a kanta ke nan.

Yanzu inda tawa ke da ciwo, don kada gobe ka tare ni a hanya. Na ɗaya zafi. Su da kansu sun rubuta a yi aiki da ita tsakanin digiri 10 zuwa 35, mu kuwa Afrilu da Mayu muna haura 40 ba tare da neman izinin kowa ba. Tunda babu fanka, in ta ji zafi sai ta rage gudu da kanta, bidiyon da za ta fitar cikin ɗan lokaci da sanyin safiya sai ta ja shi da rana tsaka. Ni na koyi halinta, aiki mai nauyi bayan isha'i ko da asuba, kuma ba a kan katifa ba, a kan faranti nake ɗora ta, farantin silba na kicin, uwargida har ta gaji da nema ta bar min.

Na biyu, abin da ka saya shi ke nan har abada. RAM da diski a manne suke, ba a ƙarawa ba a cirewa, 256 kuma in kana bidiyo kafin ka ankara ta cika, dole ka sayi diski na waje, ka kuma saba da kwafe aikinka a can, don ranar da katin ciki ya mutu ba wanda zai zaro maka diski ya ceto memuwar ɗinka. Ramuka biyu ne kacal na USB-C, kile ɗinka na yau da kullum ba ya shiga sai da adapta, ranar sutnans kuma in ka manta da na HDMI a gida ka shiga uku a gaban juri. Diskin da aka tsara a NTFS, wato tsarin Windows, tana karantawa amma ba ta rubutawa a kai, ka mayar da naka exFAT, tsarin da Mac da Windows duk ke aiki da shi, kowa ya huta. In kuma ekran ya fashe, Allah ya kiyaye, sai dai ka kama hanyar Kano ko ka aika Yamai, kusan kilomita 900, kuma kuɗin da za a ce maka zai iya sayen wata ƙaramar ordinatar. Tawa ba ta hawa kabu-kabu sai a jaka mai soso, a gaba, ba a baya ba.

Na uku shi ne kaɗai zai sa in ce ka bar ta. Word da Excel da PowerPoint duk akwai na Mac, QGIS ma yana yi. Amma Access babu, ArcGIS Pro babu, CSPro da ƴan ankete ke shigar da bayanai da shi na Windows ne. Tsofaffin Mac masu ƙwaƙwalwar Intel ana iya raba su biyu a sa Windows da Boot Camp, M1 ba ta yin haka, sai ta wata doguwar hanya mai cin kuɗi da RAM 8 ba za ta ji daɗinta ba. Don haka ka tambayi wanda ya riga ka a sashenku wane lojisiyel malamai ke tilastawa. In ɗaya daga cikin waɗannan ne, ka sayi jakinka ka yi shiru, ni ma ba zan ga laifinka ba.

Abin da ba ka tambaya ba kuma shi ya fi komai, masu sayarwa. Ba duka ba, akwai na Allah, amma kasuwar Mac okaziyon ta fi kowace tarko, don mai saye yawanci bai san ta ba, tuffar kawai yake kallo. Ka ga a 2020 Air biyu aka fitar, ta farkon shekara mai Intel, ta ƙarshen shekara mai M1, kuma a ido kamar tagwaye suke. Mai kaya zai ce maka 2020 ce wallahi, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ya ba ka mai Intel a kuɗin M1, ita kuwa tana da fanka, tana zafi, batirinta bai kama ƙafar ɗayar ba. Ka kifa ta, a gindi akwai ƙananan rubutu, A2337 ita ce M1, A2179 ta Intel ce, A1932 ma ta girme su. Tunda murfin gindi ana iya canzawa, ka kunna ta ka taɓa tuffar da ke kusurwar hagu a sama, layin farko zai nuna maka bayaninta, ka ga an rubuta Apple M1 da idonka. Masu Intel ɗin ma an riga an yi musu sallama, macOS Tahoe, tsarin aikin Mac na 2025, ita ce ta ƙarshe da wasu ƴan kaɗan daga cikinsu za su samu. Waɗanda aka yi daga 2016 zuwa 2019 kuma yawancinsu suna da wani siririn kilabiye da ƙwayar ƙura ɗaya ke maƙale masa harafi, har kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta saboda shi. A Amurka ma ya ba su wahala, ina ga garin da ƙura ke shiga har cikin tuwo.

Sai makulli. Wani yaro a unguwarmu ya tara kuɗinsa na wata da watanni ya sayo wata a hannun wani mai kawo kaya, tsaf da ita kamar ba a taɓa ba, tana aiki lafiya lau. Bayan sati biyu ya ce bari ya goge ta ya fara da sunansa, tana tashi sai ta nemi iCloud, wato asusun Apple, na mai ita na asali, wani bature da ba wanda ya san duniyar da yake. Mai kaya ya ce ai lafiya ya ba shi, shi ya lalata. Tana nan a ɗakinsa, ta zama faranti mai tsada. Wannan makullin ba mai gyaran da zai cire maka shi da gaskiya, wanda ya ce zai iya kuɗinka yake so. Akwai kuma na biyu, na kamfanoni da makarantun waje, wanda in ka jona intanet sai allo ya fito da Gestion à distance, alamar har yanzu wata ma'aikata ce ke riƙe da linzaminta. Maganin duka biyun ɗaya ne, kafin ka ƙirga ko dala, a goge ta gaba ɗaya a gabanka, ka kunna mata intanet daga wayarka, ka bi matakan farko har ka shiga da naka asusun. Zai ɗauki lokaci, ka sayi ruwan sanyi ka zauna. In ya fara cewa yana sauri, ko ai ba sai an yi haka ba Alhaji, ko rezo ba kyau, ka yi masa godiya ka tashi.

Ka duba batiri ma, a cikin bayanan na'ura akwai inda take ƙirga sau nawa aka cika ta aka juye, an yi shi ne ya kai wajen 1000, in ka ga ta haura 700 ka san canji na tafe, a rage maka kuɗi. Sharja ta asali wat 30 ce, ka ɗaga ka ji nauyinta, ta jabu fayau take kamar ba komai a ciki. Kuma kayan da ke shigowa ta Kano kusan duk masu kilabiyen QWERTY ne, kai da ka saba da AZERTY kana rubutu da Faransanci za ka yi sati biyu kana neman é da ç, a Mac in ka danne harafin ka riƙe sai su fito ka zaɓa, hannu na sabawa, amma gara ka sani tun yanzu.

Ni dai M1 na ce ka ɗauka, in ka samu mai RAM 16 kuma aljihu ya yarda to ka ƙara ka ɗauke ta. Ka biyo fada gobe bayan la'asar ka taɓa tawa ka ji, ka zo da kile ɗinka mu gwada fayilolinka a kai, in ranar sayen ta zo kuma ka kira ni mu je tare, ni zan kifa ta.